Darasi: Maganar da Ake Ji a Wurin Aiki

Karatu: Nehemiya 2:1-8

'Yan'uwa, a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, magana ita ce jarin fatauci. Sa'ad da Abner Cohen ya yi bincike a can a 1962 da 1963, ya tarar mahauta Yarbawa suna ɗaukar shanu bashi ba tare da takarda ba. Falke yakan yarda, gama maigidan da ya sauke shi ya tsaya wa bashin, ba a kuwa san shi da saɓa alkawari ba.

Haka Nehemiya. Shi mai shayar da sarkin Farisa ne, wanda sarki ya amince wa da ransa tun kafin ya roƙi kome. Ku lura da yadda ya yi. Tsoro ya kama shi, duk da haka ya amsa. Bai kira Urushalima da suna ba, sai ya ambaci kaburburan kakanninsa, abin da zai taɓa zuciyar sarki. Da aka tambaye shi, ya yanka lokaci, ya roƙi wasiƙu da katako, gama ya riga ya lissafa.

Tambaya: Wa zai tsaya wa maganarka a wurin aikinka, don me kuma?