Birki, Taya da Sifirin: Kimiyyar Jan Jirgin Ruwa a Kan Tirela

A Amurka da Turai, masu ƙananan jiragen ruwa kan ɗora su bisa tirela, mota ta ja su zuwa tafki. Babban hatsarin wannan tafiya yana wajen tsayawa. Ƙarfin abin da ke gudu yana ƙaruwa da nauyinsa, kuma idan gudun ya ninka sau 2, ƙarfin kan ninka sau 4. Don haka tirela mai nauyi tana bukatar birkin kanta.

Irin birkin da aka fi sa mata yana aiki da turi. Da mota ta rage gudu, sai tirela ta danno mahaɗarsu, dannin ya tura man birki zuwa ƙafafunta. Da yake akan tsoma tirelar cikin ruwa wajen sauke jirgi, tsatsa kan cinye birki da sifirin, musamman a ruwan gishiri. Maganinsa shi ne ɗauraya da ruwan daɗi da sa giris. Sifirin da ya saki yakan bar tirela tana tsalle a gargada, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta kama birki.

Taya kuwa roba ce, wadda zafi da iska ke tsofar da ita ko da tana ajiye. Tun shekarar 2000 lambobi 4 ne a gefenta ke nuna makon ƙira da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Ɗalibai su duba tayoyin motar makaranta su lissafa shekarunsu.