Darasi na Tara: Binciken Garki Kan Zazzaɓin Cizon Sauro

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani, amma ba a yin rigakafin cutar da ba a san halinta ba. Wannan shi ne amfanin binciken lafiyar al'umma, wato nazarin yadda cuta take yaɗuwa a cikin jama'a, da waɗanda ta fi kamawa, da hanyar da za a bi a daƙile ta. A wannan darasi za a duba wani bincike da aka gudanar a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:
i. bayyana dalilin gudanar da binciken Garki;
ii. kawo matakan da aka bi da sakamakon da aka samu;
iii. danganta sakamakon da matsalar samun magani a karkara.

3.1 Dalilin Binciken

A shekarar 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga doron ƙasa, ta hanyar fesa maganin ƙwari a cikin gidaje. Shirin ya ci nasara a kudancin Turai da wasu sassan duniya, amma kusan bai taɓa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ba, inda cutar ta fi yin ɓarna. A 1969 Hukumar ta amince cewa burin ba zai cika da wuri ba. Sai wata tambaya ta taso: shin idan aka haɗa feshi da rabon magani, kuma aka wadata aikin da kuɗi da ƙwararru, za a iya katse yaɗuwar cutar a karkarar Afirka? Domin amsa wannan tambaya Hukumar ta haɗa hannu da gwamnatin Nijeriya, aka gudanar da aikin Garki daga 1969 zuwa 1976.

3.2 Matakan Binciken

Masu binciken ba su fara da ba da magani ba. Daga 1970 zuwa farkon 1972 sun tsaya ne ga auna yanayin cutar kawai. Sun ƙidaya mutanen wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka 22, suna rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura. Duk bayan mako goma akan ɗebi ɗigon jini daga yatsan mazauna ƙauyen a duba da madubin likita. Haka kuma akan kama sauro dare da rana, a ɗaka da waje, a tantance irinsa, a gano ko yana ɗauke da ƙwayar cutar. Hikimar wannan mataki ita ce, wanda bai san yadda abu yake da farko ba, ba zai gane ko ya sauya ba.

Awon ya nuna cewa a wasu ƙauyuka sauro mai ɗauke da cutar kan ciji mutum fiye da sau ɗari a shekara, akasari da damina. Yawancin ƙananan yara kuwa suna da ƙwayar cutar a jininsu.

A 1972 da 1973 aka shiga mataki na biyu, aka kasa ƙauyukan rukuni-rukuni. Wasu an yi musu feshi kaɗai a bangayen ɗakuna. Wasu an haɗa musu feshi da rabon magani duk bayan mako goma. Wasu kuma ana ba su maganin duk bayan mako biyu da damina. Akwai kuma ƙauyukan da ba a yi wa ko ɗaya ba, domin su zama ma'aunin kwatance. Daga ƙarshen 1973 zuwa 1976 sai aka dakatar da feshi da rabon gayya, aka ci gaba da lura da abin da zai biyo baya.

3.3 Sakamakon Binciken

Feshi ya rage yawan sauro ƙwarai, amma bai rage masu ɗauke da cutar yadda aka zata ba. Dalili shi ne, maganin bango yana kashe sauron da ya sauka a kan bango ne bayan ya sha jini. Wani kaso na sauron Garki kuwa a waje yake hutawa, saboda haka feshin bai same shi ba. Tun da cizon ya yi yawa tun asali, ɗan ragowar ma ya isa ya ci gaba da yaɗa cutar.

A ƙauyukan da aka haɗa feshi da magani akai-akai, masu ɗauke da cutar sun ragu matuƙa, mutuwar jarirai ma ta ragu. Duk da haka ba a katse yaɗuwar ba, domin a kowane zagaye akan sami waɗanda ba su sha maganin ba, kamar matafiya da 'yan cin rani da baƙi. Da aka janye hannu, cikin 'yan shekaru cutar ta koma kusan yadda take a da.

Molineaux da Gramiccia sun wallafa cikakken rahoton aikin a 1980. Alƙaluman Garki sun zama tushen wani tsarin lissafi na hasashen yaɗuwar cutar, wanda masana suka daɗe suna dogaro da shi.

3.4 Darussa Game da Samun Magani

Wani zai ce aikin ya faɗi, tun da bai kawar da cutar ba. Sai dai bincike ba ya faɗuwa don amsar da ya bayar ba ta yi daɗi ba. Garki ta nuna cewa gangamin shekara biyu, komai ƙarfinsa, ba zai maye gurbin kulawa ta dindindin ba. Yaron da zazzaɓi ya kama da tsakar damina yana bukatar magani cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan asibiti ya yi nisa, hanya ta yanke, kuɗi kuma sun ƙare kafin kaka, to samuwar maganin a birni ba ta amfane shi da komai ba. Irin wannan tunani ne ya fito a taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince da a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da jama'a.

Abin da aka gani a Garki na tattaruwar cutar a damina ya dace da tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansa a 2012 domin yankin Sahel. A wannan tsari ma'aikata kan bi gida-gida wata-wata da damina suna bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya. Haka nan a watan Disamba na 2024 Nijeriya ta fara allurar rigakafin cutar a jihohin Kebbi da Bayelsa. Amma har yanzu da sauran aiki, domin rahoton Hukumar na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Nijeriya suke.

4.0 Kammalawa

An ga yadda binciken Garki ya bi matakai uku, wato awo da gwaji da bibiya, da yadda ya tabbatar da cewa rage cutar daban, kawar da ita daban. Malamin makaranta yana da rawar takawa a nan, domin sau da yawa shi ne mai fassara bayanin ma'aikatan lafiya zuwa Hausar da iyaye za su gane.

5.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa masu binciken suka jinkirta ba da magani har zuwa 1972?
2. Mene ne amfanin ƙauyukan da ba a yi wa feshi ba?
3. Kawo dalilai biyu da suka hana katse yaɗuwar cutar a Garki.
4. Rubuta sanarwa mai kalmomi 100 cikin daidaitacciyar Hausa, wadda za ta jawo hankalin iyaye ga karɓar maganin kariya na damina.