DARASI: GYARAN INJI, GATAN YARO MARA GATA

Tsakanin Dakoro da Maraɗi akwai tafiyar fiye da kilomita 100. Titi ya taso daga Tibiri, ya ratsa Kornaka, ya iso Dakoro. Amma ƙauyuka da yawa suna nesa da titi. Hanyoyinsu na rairayi ne. A can babur, wato moto, shi ne abin hawa. Shi ke kai mutum kasuwar Sakabal. Shi ke kai mara lafiya likita cikin dare.

To, babur yana lalacewa. Injin niƙa ma haka, mota ma haka. In injin niƙa ya tsaya, mata sun koma turmi. In babur ya ƙi tashi, mai naƙuda sai amalanke. Ƙauyen da ba shi da mai gyara, wahalarsa ba ta ƙarewa.

A cikin waɗannan ƙauyuka kuma akwai samari marasa aikin yi. Wani maraya ne. Wani ya bar makaranta tun aji uku. Wani ubansa ba shi da gona mai isa. Da an gama girbi, sai su kama hanyar Najeriya, ko Libiya, ko Aljeriya. Wasu su dawo hannu banza, wasu da ciwo. Ga inji babu mai gyara, ga yaro babu sana'a. Maganin biyun ɗaya ne: a koya wa yaron makanikanci.

INA AKE KOYO?

Hanya ta farko ita ce gareji. Uba ya kai ɗansa wurin maigida, ya ba shi amana. Yaro ya fara da miƙa sifana da wanke ƙarafa. Sannu a hankali ya kai ga kwance inji. Hanya ce mai kyau, amma tana cin shekaru. Wani maigidan ma aike kawai yake sa yaro.

Hanya ta biyu ita ce cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, waɗanda ake kira CFM. An buɗe su ne domin yaran da suka bar makaranta, da waɗanda ba su shiga ba sam. Cikin abin da ake koyarwa a irin waɗannan cibiyoyi akwai gyaran injunan karkara: babur, injin niƙa da injin ban ruwa. Mai son bayani sai ya je ofishin ƙaramar hukuma ya tambaya.

Hanya ta uku ta haɗa biyun. Yaro ya yi kwanaki a gareji yana aiki, ya yi kwanaki a aji ana yi masa bayani. Akwai asusun gwamnati mai suna FAFPA, wanda aka kafa don tallafa wa koyon sana'a.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki, ko da da sunan koyo ne, kafin ya cika shekara 14. Dokar ta ce kuma a rubuta yarjejeniyar koyo a takarda. Kafin uba ko waliyyi ya sa hannu, sai ya san abu uku. Shekara nawa za a yi? Wa zai ciyar da yaro? Me za a koya masa? Wannan takarda ita ce garkuwar maraya. In uba ya iya karatu, ba mai yi masa rufa-rufa.

YADDA INJI KE AIKI

Yawancin baburan yau injinsu bugu huɗu gare shi. A cikin inji akwai wani ƙarfe mai hawa da sauka, ana ce masa fistin.

1. Fistin ya sauka, inji ya shaƙi iska da mai.
2. Fistin ya hau, ya matse su.
3. Buji, wanda wasu ke kira fulogi, ya ba da tartsatsi. Mai ya kama wuta, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi.
4. Fistin ya sake hawa, ya kori hayaƙi.

Ke nan inji yana bukatar mai, da iska, da wuta, da matsi. In babur ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace. Makanikin kirki yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya kwance inji da ka.

A ƙasar Dakoro babban abokin gaban inji shi ne ƙura. In matacin iska ya toshe, inji ya rasa ƙarfi, ya riƙa shan mai. In an cire matacin an yar, rairayi ya shiga ya cinye fistin. Share mataci da canza baƙin mai kan lokaci sun fi sayen sabon inji arha.

AMFANIN KARATU GA MAKANIKI

Kowace sifana tana da lamba: 8, 10, 12, 14, 17. Lambar tana nuna faɗin kan noti a milimita. Wanda ya sa 14 a wurin 12, ya lalata kan noti. Batirin mota yana da alama biyu, ta ƙari (+) da ta ragi (−). In za a cire shi, ana fara kwance ta ragi. In an juya wayoyin, kayan wuta sun ƙone. A jikin galan na baƙin mai ma akwai rubutu mai nuna kaurinsa.

Sai lissafi. Kuɗin kayan gyara daban, kuɗin hannu daban. Wanda ya gama su aljihu guda, zai ci jarinsa bai sani ba. Littafi da alƙalami su ma kayan aiki ne. Saboda haka ajin yaƙi da jahilci shi ne ƙofar gareji.

A KIYAYE

Kada a zuƙi fetur da baki, yana lalata huhu. Kada a tada inji cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa. Kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta. Ruwan batir yana ƙona fata, yana makanta ido. Kada a zubar da tsohon baƙin mai kusa da rijiya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi gyara zai ci da kansa, ya taimaki iyayensa, ya zauna garinsu rani da damina. Kafin samari su ɗaura kayan tafiya bana, ya kamata kowane gari ya zauna, ya zaɓi wanda za a kai koyo.

TAMBAYOYI

1. Shekara nawa yaro zai cika kafin a ɗauke shi koyon aiki?
2. Waɗanne abubuwa huɗu inji ke bukata?
3. An sayi buji jaka 1, baƙin mai jaka 2. Kuɗin hannu jaka 1 da rabi. Nawa mai babur zai biya? Nawa ne rabon makaniki?
4. Injuna nawa ke garinku? Wa ke gyara su?