Kusurwar Farawa a Kai-komon Sifirin

Ɗaure gefen sifirin ɗaya a bango, ka haɗa ɗaya gefen da ɗan katako a kan tebur mai santsi. Idan ka ja katakon ka sake shi, zai riƙa kai-komo yana ratsa tsakiya, wato wurin da yake zaune kafin ka taɓa shi. Robert Hooke, mutumin Ingila, ya bayyana a 1678 cewa ƙarfin jan sifirin yana ƙaruwa gwargwadon miƙewarsa. Daga nan aka samo wannan lissafi:

x = A cos(ωt + φ)

A nan, x shi ne nisan katako daga tsakiya, A kuma iyakar nisan da yake kaiwa. Ana samun ω daga √(k/m), inda k yake nufin taurin sifirin, m kuma nauyin katako. Saura φ, wadda ake kira kusurwar farawa. Ita ce take nuna inda katakon yake da inda ya nufa a daidai lokacin da ka fara duba agogo, wato t = 0.

Ga misali. A ce iyakar nisa santimita 10 ne, kuma da ka fara duba agogo katakon yana santimita 5 a dama da tsakiya. Sa t = 0, sai ka samu cos φ = 5/10 = 0.5.

A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Kalkuleta za ta ba ka digiri 60, amma digiri −60 ma yana ba da 0.5, domin katakon yana ratsa wannan wuri sau biyu a kowane zagaye, da tafiya da dawowa. Nisa kaɗai ba zai raba gardama ba, sai ka duba gudu:

v = −Aω sin φ

Idan katakon yana komawa hagu, zuwa tsakiya, v tana ƙasa da sifiri, don haka dole sin φ ya haura sifiri: φ = 60°. Idan kuwa yana ƙara yin dama, φ = −60°. Kada ka amince da kalkuleta ido rufe, ba ta san inda katakon ya nufa ba.

Aiki: An tura katakon daga tsakiya zuwa dama a t = 0. Nemo φ, ka kuma faɗi dalilinka.