Shirin Kirsimati: Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

Karatu: Luka 2:1-20, Luka 10:38-42, Misalai 15:17

Ya ku 'yan'uwa cikin Almasihu, ga hunturu ya shigo. A ƙasar Gaya da Ajingi an gama yankan dawa, gero da wake sun shiga rumbu, samari da yawa kuma sun tafi cin rani Kano da wasu garuruwa masu nisa. Yanzu mata suna shafe ɗaki, suna gyara jere, tela yana ɗinki har dare, yara suna ƙidayar kwanaki. Tsabta da ado ba zunubi ba ne. Amma bari mu tambayi kanmu: domin wa mu ke wannan wahala duka?

1. Daren farko

Luka ya gaya mana Kaisar Augustas ya yi umurni a ƙidaya mutane, shi ya sa Yusufu da Maryamu suka tashi daga Nazarat zuwa Baitalahmi. Tafiyar ta kai wajen mil 70 a miƙe, ta fi daga Gaya zuwa Kano nisa, Maryamu kuwa tana da ciki tsoho. Da suka isa ba su sami wuri a masauki ba. A komin dabbobi aka kwantar da Mai-Ceton duniya. Ba wanda ya share wurin dominsa, ba wanda ya rataya ko ƙyalle ɗaya.

To, mene ne makiyaya suka gani har suka koma suna yabon Allah? Sun ga uwa, da mijinta, da jariri, suna tare wuri ɗaya. Idan Allah ya yarda Ɗansa ya fara kwana a irin wannan wuri, ashe ba zai raina ɗakinka ba domin bango ya tsage.

2. Daga ina kayan ado suka fito?

Manzanni ba su bar mana dokar ado ba, ba su ma faɗi ranar da aka haifi Ubangiji ba. Shaida ta fari a rubuce da ta nuna ana kiyaye ranar 25 ga Disamba ta fito daga birnin Roma ne, a shekara ta 336. Itacen Kirsimati kuwa al'adar mutanen Jamus ce. Ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta da 'ya'yansu kewaye da itacen a 1848. Daga can ta zaga duniya, har yau ana sayar da na roba a kantuna, da fitilu masu walƙiya da balan-balan.

Wanda ya ke da hali ya saya, ba laifi. Amma kada wanda ba shi da shi ya ga kamar Kirsimatinsa bai cika ba. Shekaru ɗaruruwa masu-bi sun yi murnar haihuwar Yesu ba tare da waɗannan abubuwa ba.

3. Marta da Maryamu

Sa'ad da Yesu ya sauka a gidan Marta, ta duƙufa ga hidima har ranta ya ɓaci, ta kai ƙarar 'yar'uwarta wadda ke zaune tana sauraronsa. Ku lura, Marta ba mugun abu ta ke yi ba, baƙo ta ke so ta girmama. Duk da haka yawan shiri ya hana ta zama da baƙon, ya kuma sa ta faɗa da 'yar'uwarta a gabansa. Yesu ya tsawata mata a hankali, ya nuna rabon Maryamu ya fi.

Haka ya kan faru a gidajenmu. Uwargida ta tashi tun asuba, rana ta faɗi ba ta zauna da kowa ba. Yaro ya ɓata sabuwar riga, a yi masa duka ranar murna. Maigida ya buɗe rumbu ya kai hatsi kasuwa a lokacin da ya fi araha, domin a yi anko a kece raini, sa'an nan da damina ya koma awo da tsada, ko ya ci bashi. Sai faɗa ya tashi tsakanin miji da mata a kan abin da aka saya domin kwana ɗaya. Mai-hikima ya riga ya koya mana a Misalai 15:17, cewa abincin talaka inda ana ƙaunar juna ya fi naman sa inda ana gaba.

4. Waɗanda ba su zo ba

Ga abin da ya fi ciwo. A ce ɗanka yana cin rani a birni, aiki bai yi kyau ba, ba shi da kuɗin atamfar uwarsa. Kunya ta hana shi zuwa. Ko kuwa 'yan'uwa biyu sun yi shekara ba sa ga-maciji saboda iyakar gona. Ko gwauruwa tana zaune ita kaɗai a bayan gidanka. Ko an shafe ɗaki da farar ƙasa, an cika shi da fitilu, gidan bai shiryu ba tukuna muddin waɗannan suna waje.

Mu masu-bi kaɗan ne a wannan yanki, muna warwatse cikin ƙauyuka. Da yawa cikinmu kuma muna da dangi waɗanda ba su bin Almasihu. Idonsu yana kanmu. Kayan kanti ba za su ba su mamaki ba, gama kowa mai-kuɗi ya iya saye. Abin da za su riƙe shi ne yadda mu ke zama da junanmu.

5. Abin da za mu yi

Ka aika wa wanda ke nesa tun yanzu, ka ce ya zo ko hannu wofi, shi mu ke so. Ka taka zuwa wurin wanda ka ɓata da shi kafin ranar, gama zumunta a ƙafa ta ke (dubi Matta 5:23-24). Miji da mata su zauna su yanke abin da za a kashe, a bar abincin damina a rumbu. A raba aikin gida, kada ya faɗa kan mutum ɗaya. A kai wa maƙwabta abinci, kamar yadda su ma su kan aiko mana ranar Salla. Da dare kuwa a taru a tsakar gida a bakin wuta, a karanta Luka sura 2. Tun 1932 mu ke da Littafi Mai-Tsarki dukansa da Hausa, har tsohuwa da yaro za su ji da harshensu.

Tambayoyi

1. Mene ne makiyaya suka tarar a Baitalahmi?
2. Ina kuskuren Marta, tun da hidima ta ke yi?
3. Wane ne ba ya nan a gidanka bara, me kuma za ka yi domin ya zo bana?

Allah ya ba mu Kirsimati na salama, ya tara mu da namu lafiya. Amin.