Gonar Ƙwayoyi a Faranti

Matan Ruwan Bago da sauran ƙasar Karaye da Rogo sun san yadda madara take zama kindirmo: a zuba mata ɗan tsohon nono, a rufe ƙwarya, ta kwana. Masu wannan aiki waɗansu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. To, danginsu suna zaune a gaban yawancin mata masu lafiya, suna yin tsami wanda yake hana miyagun ƙwayoyi zama. Wani likitan Jamus, Albert Döderlein, shi ya bayyana su a 1892.

Masana sukan shuka ƙwaya domin su san halinta. Gonar kuwa faranti ne mai murfi, ƙasarta wani abu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku, sunansa agar. A kan dafa shi da ruwan nama da yisti da sukari, a zuba, ya sandare. Sa'an nan a shafa abin da aka ɗebo da auduga, a ajiye cikin akwati mai ɗumin jikin mutum, watau digiri 37, kwana ɗaya ko biyu.

Wahalar ita ce kowace ƙwaya da cimarta, kamar yadda ƙasar gero ba ta shinkafa ba ce. A 1960 de Man da Rogosa da Sharpe suka haɗa abincin da ya dace da masu tsami (Rogosa ba shi da dangantaka da Rogo, suna ne ya zo kusa). Duk da haka akwai wata mai yawa a jikin mata, Lactobacillus iners, wadda take ƙin tsira a kansa, ta fi son mai jini. Saboda haka ba a raɗa mata suna ba sai 1999.

Macen da take ganin ruwa mai wari ko ƙaiƙayi, musamman mai ciki, lalle ta tafi asibiti. Kada ta wanke ciki da sabulu ko kanwa, kada kuma ta sha kafso na kemis kafin a ɗebi ruwan, don suna kashe na kirki da mugu, faranti ya fito wayam. In an ce ta komo bayan kwana biyu, ta komo. Maigida ya ba da izini da kuɗin mota sau biyu.