GINI, RANA DA ƘASUSUWANMU

Hausawa suna yi wa hantsi kirari da leƙa gidan kowa. Amma akwai ginin da ke hana shi leƙawa, kuma yara ne ke shan wahalar haka.

A darasin kimiyya mun koyi cewa a cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani. Idan ya taɓa fatarmu, sai jiki ya haɗa bitamin D. Wannan bitamin shi ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, kalsiyam kuwa shi ke ƙarfafa ƙashi. Yaron da ya rasa su, ƙashinsa yakan yi laushi, ƙafafunsa su gwame ko su lanƙwashe kamar baka.

Wannan cuta ta addabi biranen Birtaniya a ƙarni na 19. An gina wa ma'aikatan masana'antu dogayen benaye a matse, lunguna ƙanana, ga hayaƙin kwal ya rufe sama. Yara suna wasa a inuwa tun safe har dare. Wani likitan mishan mai suna Theobald Palm, wanda ya yi aiki a Japan, ya lura da wuya ya ga cutar a can, ko a gidajen matalauta. Sai ya rubuta wa likitocin mishan na ƙasashe dabam-dabam yana tambaya. A 1890 ya bayyana cewa cutar tana yawa inda rana ta yi ƙaranci. Sai a 1922 aka gano bitamin ɗin kansa.

Mu a nan rana ba ta yi mana rowa ba. Tsakar gida irin ta kakanninmu, inda ake daka da wanki, yara suna rarrafe, babbar dukiya ce. Amma yanzu a birane ana cike fili duka da ɗakunan haya, ko a rufe tsakar gidan da kwano. Mu tuna abu biyu. Na ɗaya, gilashin taga yana tare hasken da ke haɗa bitamin D, don haka ɗaki mai haske bai wadatar ba. Na biyu, baƙar fata tana bukatar lokaci a rana fiye da farar fata.

Sai dai rana kaɗai ba ta isa ba. Binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya fi jawo cutar ga yaran da suka duba. Saboda haka a haɗa da nono, miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu.

A cikinmu akwai magina da iyayen gobe. Ranar da za mu aza harsashi, mu bar wa hantsi ƙofa, gama rigakafi ya fi magani.